Wane Ne Namu? Nazari Kan Ƙabila da Zaman Tare a Sabon Tasha

Duk motar da ta tashi daga Kaduna za ta Kachia, Zonkwa ko Kafanchan, ta Sabon Tasha take ratsawa. Unguwar, wadda mazaunanta ke taƙaita sunanta su ce Sabo, tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, a ƙasar da Gbagyi ke nomawa tun kafin Turawa su kafa birnin. A yau da wuya a sami wata al'umma ta Kudancin Kaduna da ba ta da 'ya'ya a nan. Akwai Atyap, Bajju, Ham, Agworok, Adara, Gwong, Ninzo, Bakulu da Asholio, ga kuma Ibo, Tibi, Idoma da Yarabawa. Wanda ya yi ƙaranci shi ne Bahaushe Musulmi mai kwana a unguwar. Da rana yana nan yana sayar da albasa da tumatir, ko nama, ko yana jan fasinja a Keke, amma da yawansu rana na faɗuwa sai su nufi Tudun Wada ko Rigasa. Haka ma Kirista mai aiki a tsakiyar gari, idan aka tashi sai ya haye gada ya komo Sabo, Narayi, Unguwan Boro, Romi ko Gonin Gora. Har ta kai mutanen gari na yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Kudus.

Abin lura shi ne, a cikin Sabo ɗin nan da Hausa ake ciniki, da Hausa ake wa'azi a majami'u da dama, da Hausa matan zumunta ke rera waƙoƙinsu. Yaron da iyayensa suka fito daga Kagoro ko Kwoi ya fi sakewa da Hausa da Turancin Buroka fiye da harshen kakarsa. Amma yaron nan, ka kuskura ka ce masa Bahaushe, yanzun nan zai gyara maka zance. Ke nan abubuwa biyu ke tafiya a lokaci guda: kayan cikin ƙabila, wato harshe da al'adun gargajiya, suna raguwa, alhali sunan ƙabila da iyakarta suna ƙara ƙarfi. Me ya jawo haka, me aka samu, me kuma aka rasa?

Iyaka ta fi kayan ciki

An saba ɗaukar ƙabila a matsayin abin da ake gada a jini, wanda bai canzawa: harshe ɗaya, kaka ɗaya, tsagar fuska ɗaya, abinci ɗaya. A 1969 wani masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar Norway, Fredrik Barth, ya kawo wata fahimta da ta sauya tunanin masana. A ganinsa, abin da ke raya ƙabila shi ne iyakar da mutane ke shatawa tsakanin "mu" da "su". Al'ada tana iya sauyawa, harshe yana iya ɓacewa, amma muddin akwai dalilin tsare iyakar, ƙabilar tana nan daram.

A shekarar ce kuma Abner Cohen ya fitar da bincikensa kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Ya nuna cewa Hausawan can sun fi na gida riƙo da Hausancinsu, suna da sarkinsu, sun keɓe masallacinsu bayan sun rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a shekarun 1950, ba don sun fi kowa son al'ada ba, sai don cinikin goro da shanu yana tafiya ne a kan amana da bashi, amanar kuwa tana buƙatar a san wane ne na gida. Wato ƙabila a birni ba ragowar ƙauye ba ce. Sau da yawa a birnin ake ƙera ta, don biyan wata buƙata ta birni.

Hausawa da kansu shaida ne. Shekaru ɗari biyu da suka wuce mutum Bakano ne, ko Bakatsine, ko Bagobiri, ko Bazazzagi, kuma sun sha yaƙar juna. Hausanci ya faɗaɗa ne ta hanyar haɗiye mutane: Bugaje, Barebari, Nufawa, Wangarawa, bayi da 'yantattu, duk jikokinsu yau Hausawa ne ba mai musu. Idan haka ta faru ga babbar al'umma, ba abin mamaki ba ne a ga al'ummomi masu yawa, kowace da harshenta, suna haɗa kansu a ƙarƙashin suna guda, "'yan Kudancin Kaduna".

Tsohon miki

Tushen wannan haɗin kai yana cikin tarihin mulki. Kafin zuwan Turawa, dangantakar masarautar Zazzau da al'ummomin kudancinta gauraye take: akwai fatauci da auratayya, akwai kuma hare-haren kama bayi da karɓar gandu. Hausawa sun kafa zangon fatake irin su Zangon Kataf, Kauru da Kajuru. A farkon ƙarni na 19 aka kafa masarautar Jama'a a ƙarƙashin Zazzau. Wasu al'ummomi sun bi, wasu sun haye duwatsu sun ƙi bi.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai suka ga ya fi musu arha su yi mulki ta hannun sarakuna. Suka danƙa wa hakiman Zazzau da na Jama'a ƙasashen da a da ikonsu bai kai ko'ina a cikinsu ba. Haraji, aikin tilas da kotun alƙali duk suka iso wa manomi Bakatafe ko Bakaje da fuskar Bahaushe ko Bafillace, duk da cewa Bature ne ke bayan labule. Masanin tarihi Moses Ochonu ya kira wannan tsari mulkin mallaka ta hannun wakili. Kagoro, Jaba da Marwa ne suka tsira da sarautunsu masu zaman kansu, shi ya sa Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008, ya zama abin alfahari ga yankin baki ɗaya. A sauran wuraren kuwa ƙorafi bai yanke ba. Atyap sun yi bore a 1946, kuma sai a 1967 aka naɗa ɗan ƙasar, Bala Ade Dauke, hakimin Zangon Kataf.

Abubuwa biyu suka zo suka ɗinke waɗannan al'ummomi. Na farko mishan. Turawan mulki sun taƙaita aikin 'yan mishan a cikin biranen sarakunan Musulmi, amma suka sakar musu mara a ƙasashen masu addinin gargajiya. 'Yan mishan na SIM, waɗanda cocin ECWA ta gada, sun kafa tasha a Kwoi a 1910, sannan a Kagoro, Katolika da Baptis su ma suka biyo. Makaranta da asibiti suka zo tare da sabon addini. Da yake harsunan yankin sun yi yawa, sai mishan ta ɗauki Hausa, musamman bayan kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932. Ta haka harshen masu mulki ya zama harshen da waɗanda ake mulka suka fara fahimtar juna da shi, suka gane cewa kukansu ɗaya ne.

Na biyu jirgin ƙasa. Wajen 1927 layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da Jos a Kafanchan, ƙauyen Fantswam ya zama mahaɗa mai cike da ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa da 'yan kasuwa Hausawa. A shekarun 1930 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a garin. Tun daga lokacin tambayar "garin wa?" ta zauna a Kafanchan, har ta fashe a 1999 lokacin naɗin sabon sarki.

A shekarun 1950 'yan bokon yankin suka shiga fafutikar neman jihar Tsakiyar Najeriya, suka kai kukansu gaban Kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958 kan fargabar ƙananan ƙabilu, wanda bai amince da ƙirƙiro sababbin jihohi ba. A lokacin ana kiran yankin Kudancin Zariya. Bayan cire Katsina daga jihar Kaduna a 1987, sunan Kudancin Kaduna ya kankama, ƙungiyar SOKAPU kuma ta zama bakin da ke magana da yawunsa.

Karɓo suna, karɓo sanda

Alamar farko ta farkawar ita ce canjin suna. Mutanen da littattafan Turawa da bakin Hausawa suka sani da Kataf suka ce su Atyap ne. Kaje suka koma Bajju, Jaba suka koma Ham, Kagoma Gwong, Kadara Adara, Kaninkon Nikyob, Ikulu Bakulu, Gwari kuma Gbagyi. Ga na waje wannan kamar ƙaramin abu ne. Ga mai sunan kuwa magana ce ta wa ke da ikon faɗin ko shi wane ne, musamman ga mutanen da suka daɗe suna jin ana jifansu da kalmar "arna" ko da sun shekara hamsin suna zuwa coci.

Alama ta biyu ita ce sarauta. Rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, wanda ya faro daga wa'azi a harabar makaranta ya bazu zuwa Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina, shi ya fara nuna cewa tartsatsi daga kudu na iya kama arewa. Na Zangon Kataf a 1992 ya faro ne daga gardamar sauya wa kasuwa matsuguni a watan Fabrairu, ya dawo da muni a watan Mayu, inda aka hallaka ɗaruruwan mutane, Hausawan garin suka fi shan wuta, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan Kiristoci a Kaduna da Zariya. Kotun musamman ta Mai shari'a Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Har yau kowane ɓangare na ganin shi aka zalunta: Hausawa na cewa an kashe musu mutane ba a biya jini ba, Atyap na cewa an yi wa shugabanninsu shari'ar son kai.

A 1995 gwamnatin soja ta Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju, ta cire su daga Zazzau. Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi ya ƙara wasu da dama a farkon shekarun 2000, ciki har da na Adara da Gbagyi. Wannan mataki ya kwantar da tsohuwar ƙura ƙwarai. Sai dai ya koyar da darasi guda da kowa ya haddace: hukuma tana saurarar wanda ya zo da sunan ƙabila.

Yadda gada ta zama iyaka

Kaduna ba ta taso a rabe haka ba. Lugga ya mayar da ita hedikwatar Arewa a 1917, ta zama garin soja, ma'aikatan gwamnati da 'yan reluwe, garin da kusan kowa baƙo ne. Masaƙar Kaduna Textiles ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai da ke kusa da Sabon Tasha a 1980. Dubban matasa daga Zonkwa, Kwoi, Kano, Gboko da Bida suka yi aiki a kan injin ɗaya, suka shiga ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suka yi haya a gida ɗaya, matansu na girki a tsakar gida ɗaya. Ba wai babu ƙabilanci ba ne a lokacin, amma mutum yana da wani suna bayan na ƙabilarsa: ma'aikacin masaƙa ne.

Rikicin Shari'a na watannin Fabrairu da Mayu na 2000 shi ya tsaga birnin. Kwamitin binciken gwamnatin jiha ya ƙirga mutum 1,295 da suka mutu a zagayen farko, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta ce adadin duka bai gaza 2,000 ba. Abin da ya fi adadin tsoratarwa shi ne inda aka kashe mutanen: a unguwannin da suka kasance 'yan tsiraru. Kowa ya ɗauki darasi. Kirista ya sayar da gidansa na Tudun Wada ko Rigasa da arha ya koma kudu, Musulmi ya rabu da nasa na Sabo ko unguwar Television ya koma arewa, wasu ma musayar gida suka yi. Rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002 ya ƙarasa abin da ya rage. Na bayan zaɓen 2011, wanda ya fi muni a Zonkwa, Matsirga da Kafanchan, ya koro dubban Hausawa da Fulani daga garuruwan da aka haifi kakanninsu. Hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Jama'a, Kaura, Kajuru da Zangon Kataf a shekarun da suka biyo baya kuma suka koro manoma zuwa wajen 'yan'uwansu a Sabo da kewayenta.

A daidai wannan lokaci masaƙun suka mutu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Wurin da ke haɗa mutane ya rushe a lokacin da tsoro ke raba su. Matashin da ba shi da albashi, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, bai kuma yarda ɗan sanda zai zo idan an kira shi ba, ina zai jingina? Sai mitin ɗin 'yan garinsu na ƙarshen wata, sai cocinsa ko masallacinsa.

Takardar asali

Akwai wani dalili kuma wanda ba ya ƙara, ba ya zubar da jini a fili, amma kullum yana aiki. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba muƙamai bisa tsarin daidaito tsakanin jihohi a sashe na 14, sashe na 147 kuma ya ce a ɗauko minista daga 'yan asalin kowace jiha. An yi haka ne don kada wani ɓangare ya danne wani. Amma a aikace, shiga soja, ɗan sanda, aikin gwamnatin tarayya, tallafin karatu, duk suna neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Takardar kuwa ba ta tambayar inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji. Inda kakanka ya fito take tambaya.

Saboda haka yaron da aka haifa a Sabo, ya yi firamare da sakandare a Sabo, dole ya hau mota ya tafi Kaura ko Kwoi neman sa hannun hakimin da bai taɓa gani ba. Janar Christopher Musa, wanda ya zama Babban Hafsan Tsaron ƙasa a 2023, a Sakkwato aka haife shi, amma a lissafin rabon muƙamai ɗan Zangon Kataf ne. Bahaushen Kafanchan da zuriyarsa ta haura shekara ɗari a garin ana ce masa baƙo, kamar yadda ake ce wa Bajju ɗin da ya tsufa a Kano. Doka ce da kanta ke tilasta wa mutum ya riƙe ƙabilarsa a aljihu, ko yana so ko ba ya so. Wani abin mamakin kuma, ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, don gudun rigima. Ana raba arziki da ma'aunin da aka ƙi aunawa, shi ya sa kowane ɓangare ke rantsuwa shi ne mafi rinjaye.

Abin da aka samu

Zalunci ne a ce wannan farkawa ba ta haifar da alheri ba. Mutanen da a da ake naɗa musu hakimi daga nesa yau suna da Agwatyap da Agwam Bajju, suna zama a majalisar sarakunan jiha kafaɗa da kafaɗa da Sarkin Zazzau. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu da Tuk Ham na Kwoi suna jawo 'ya'yan yankin daga Legas, Abuja da ƙasashen waje. Ham na tinƙaho da cewa a ƙauyensu na Nok aka fara tono gumakan yumɓun da suka shahara a duniya, waɗanda suka haura shekara dubu biyu. Mutumin da ya san yana da tarihi ba ya sunkuyar da kai.

A Sabo, ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka su ne inshorar talaka. Su ke haɗa kuɗin kai gawa gida, su biya wa maraya kuɗin makaranta, su samar wa sabon zuwa ɗakin kwana, su yi adashi, su tara kuɗin fansa idan an sace wani. Lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar Kachia a Yulin 2021, iyaye da coci da dangi ne suka ɗauki nauyin fafutikar. A siyasa ma haɗin kan ya yi rana: Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya zama gwamna a 2010, ya ci zaɓe a 2011, kafin ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Disamban 2012. Kuma dole a faɗi gaskiya mai ɗaci: rabuwar unguwanni ta rage yawan kashe-kashe a cikin birni, tunda maƙwabcin da za a far wa ya riga ya tashi.

Abin da aka rasa

Hasara ta farko ita ce sanin juna. Wanda aka haifa a 2000 yau magidanci ne. Idan a Sabo ya tashi, mai yiwuwa bai taɓa cin tuwon sallah a gidan aboki ba. Idan a Rigasa ne, bai taɓa shiga gidan da ake bikin Kirsimeti ba. Abin da ya sani game da na ƙetaren gada daga labarin rikici ya samo shi, ko daga Facebook da WhatsApp. Iyayensa suna da wani Malam Sani ko wata Maman Ladi da za su tuna su ce ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shi ba shi da kowa.

Ta biyu, ƙabila da addini sun narke sun zama abu guda, waɗanda ke tsakiya kuma suka ɓace daga lissafi. Akwai Musulmi da yawa a cikin Adara, Gbagyi, Ninzo da Ham, amma da zarar ɗayansu ya musulunta sai a ce ya zama Bahaushe. Da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe, 'yar ƙaramar hukumar Sanga, a matsayin mataimakiya a zaɓen 2019, da yawa a kudu ba su ɗauke ta wakiliyarsu ba saboda Musulma ce. A ɗaya gefen, Hausawa Kiristoci na Wusasa da ƙauyukan Zariya, Kano da Katsina, al'ummar da ta haifi Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, sukan ji ana tambayarsu wai ta yaya Bahaushe zai zama Kirista. Duk lokacin da iyaka ta yi tsauri, mai ƙafa biyu ne ke fara shan wahala.

Ta uku, laifin mutum ɗaya ya zama na jama'a. Ɗan bindiga ya kai hari, sai mai rake ko makiyayin da ya shekara arba'in a Ladduga ya biya. Matasan wani ƙauye sun tare hanya, sai a ce duk mutanen kudu haka suke. Ta huɗu, ɗan siyasa ya samu hanya mai arha. Ba sai ya gyara hanyar Kachia ko asibitin Kafanchan ba, ya isa ya ce "namu ne". Lokacin da cutar fumfuna ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko a 2023, ba ta tambayi manomi ko dillali ƙabilarsa ba, amma babu wata ƙungiya mai ƙarfi da ta haɗa su a matsayin masu hasara ɗaya.

Ta biyar ita ce wadda ba a cika faɗa ba. Babbar rumfar "Kudancin Kaduna" tana rufe saɓanin cikin gida: gardamar iyakar gona tsakanin maƙwabta, ƙorafin ƙananan al'ummomi cewa manya sun cinye muƙamai, da kukan Gbagyi, masu ƙasar da Sabo ke kanta, cewa filayensu sun tafi. Harsunan kuma, Tyap da Jju da Hyam, waɗanda su ne ainihin gadon, suna ja da baya a gidajen birni. Ana kashe kuɗi wajen ɗinka kayan gargajiya na rana ɗaya, amma kaɗan ne ke zaunar da yaro su koya masa gaisuwa da harshen uwarsa.

Gwajin El-Rufa'i da darasinsa

Gwamnatin El-Rufa'i ta gwada warware ƙullin daga sama. Ta sanar da cewa ba ta bambanta ɗan asali da baƙo a hidimomin jiha, mazauni kawai ta sani. Ta kuma ce sarauta ta ƙasa ce ba ta ƙabila ba, don haka masarautar Gbagyi ta koma masarautar Chikun, aka kuma rarraba ta Adara. A takarda hujjar tana da ƙarfi, domin sarki uban kowa ne a ƙasarsa. Amma matakin ya zo a mummunan lokaci. A Oktoban 2018, cikin ƙurar rikicin Kasuwan Magani, aka sace Agom Adara, Maiwada Raphael Galadima, aka kashe shi. Adara suka ga an raba su da sarki da sarauta kusan a tare, wasu da dama a kudu kuma suka fassara gyaran da cewa ana so a ƙwace abin da aka yi shekara hamsin ana nema. Maimakon iyakar ta yi laushi, sai ta ƙara tauri. Ga shi kuma takardar asali tana nan a matakin tarayya, inda manyan guraben suke.

Abin da ya fi tasiri shi ne wanda aka yi daga ƙasa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna, sun taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ta shugabannin addini a Kaduna a Agustan 2002. A Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan, inda kowace al'umma ta zo da sunanta, ta faɗi kukanta, ta kuma nemi afuwar abin da 'ya'yanta suka aikata. Sanarwar ba ta hana hare-haren da suka biyo baya ba, amma ta nuna hanya: ba a ce wa kowa ya ajiye sunansa a bakin ƙofa ba.

Daga duk wannan, hukuncin da za a iya yankewa shi ne cewa ƙabila ba ita ce cutar ba, kuma ba za ta gushe da doka ba. Abin da ya sa ta yi zafi a Sabon Tasha shi ne kayan da aka ɗora mata: ita ce tsaron mutum, ita ce hanyar aikinsa, ita ce kotunsa, ita ce asusunsa na ranar wuya. Waɗannan kuwa ayyukan hukuma ne. A hukunta wanda ya yi kisa da sunansa, komai ƙabilarsa, domin rashin hukunci ne ke sa a nemi fansa a kan dangi. A gyara tsarin mulki yadda haihuwa ko daɗewar zama a wuri za su ba mutum haƙƙin ɗan gari, a Kafanchan da Kano baki ɗaya, don kada wani ya ga shi kaɗai aka ce ya saki nasa. A gina makarantun gwamnati masu inganci, kasuwanni da masana'antu a inda mutanen ɓangarorin biyu za su haɗu dole. A koyar da Tyap, Jju, Hyam da Gbagyi a firamaren yankunansu, kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta taɓa tanadar koyarwa da harshen uwa. Masu neman jihar Gurara, wadda taron ƙasa na 2014 ya sa cikin jerin jihohin da ya ba da shawarar a ƙirƙiro, su ma ya kamata su amsa tambaya tun yanzu: a sabuwar jihar, mene ne matsayin Bahaushen Kafanchan da Bafillacen Ladduga? Idan amsar ita ce baƙi ne, to an sauya wanda ke sama ne kawai, tsarin da aka yi kuka da shi tun zamanin hakimai yana nan yadda yake.